Ɗan Kason da Ba Shi da Kwano

Abin da na fara riƙewa a aikin gardi tsinken ƙarfe ne. Wayar ƙafar keke ce aka miƙe, aka naɗe mata tsumma a gindi don riƙo. Ranar da na kama aiki a ƙofar gidan kaso na zo da sabon kaki, ina ɗaga kafaɗa, ina jira a rataya mini bindiga a damƙa mini makullai. Sai Baba Arzika, tsohon gardin da aka sa ni a hannunsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini tsinken nan.

"Ga bindigarka," in ji shi. "Tahi ka zamna ga kwanoni."

Na ji haushi ƙwarai, amma na zauna, kuma zaman ya kai ni shekara talatin.

Ku samarin da ke dafa shayi a ƙofar gidana, ina jin ku. Kun ce aikin gardi zaman inuwa ne, mutum ya buɗe kwaɗo da safe ya rufe da marece, wata ya ƙare ya miƙa hannu. Kwanan nan kuma rediyo ya ba ku sabon abin gardama: gidajen kaso sun cika, a saki waɗanda ba su zubar da jinin kowa ba, ko kar a sake su. Rabinku na cewa a buɗe ƙofa, rabi na cewa ɓarawo ɓarawo ne. Ba wanda ya taɓa shaƙar iskar ɗakin kaso a cikinku, amma kowa ya riga ya yanke hukunci. Ni na yi aiki a Madawa, na yi a Buza, na yi a Keita. Wanda abin da zan faɗa ya faru a cikinsa ba zan ambata ba, don na san halinku, gobe ku kai shi cikin waya da ƙari.

Bari in fara da kwano, tun da shi ne sana'ar. Abincin da gida ke dafa wa 'yan kaso bai taɓa isa ba, don haka dangi ke kawowa daga waje. Daga hantsi za ka ga mata sun jeru a bakin ƙofa, kowace da kwanonta ɗaure cikin ƙyalle. Aikina in kwance, in buɗe, in ce wa mai kawowa ta ɗanɗana a gabana, sannan in soka tsinke sau uku, tsakiya da dama da hagu, har sai na ji ƙasan kwano. Na ciro reza daga cikin tuwo. Na ciro ƙwayoyi ƙulle a leda a ƙarƙashin miyar kuka. Na ciro laya daga cikin hura, na ciro waya sukutum daga cikin burodi. Wata tsohuwa da ke ce mini "ɗana" kullum, tana sa mini albarka, ita ce na kama da guntun zarto a cikin dafaffiyar kabewa. Tun daga ranar duk wanda ya cika sa mini albarka a ƙofar nan sai in ƙara masa suka ta huɗu. Har yau matata tana faɗa, wai ina soka mata tuwo kamar ita ma 'yar kawo kwano ce. Hannu ne ya saba, ba na ma sanin na yi.

Ba kwano kaɗai ake tsaro ba, har inuwar katanga. Ranar kasuwa mutanen ƙauye kan raɓe a gindin katangarmu su huta, kuma ta nan ake jefa ƙunshi ciki. Na kori masu jakai, na kori masu tallan goro, har tsofaffin mata masu tabarmi ban bari ba. Wanda ya ce hutawa yake yi, in ce masa garin nan ba mu kaɗai ke da katanga ba.

Amma binciken duk ƙaramin aiki ne. Babban aikin shi ne karanta kwano, kuma shi Baba Arzika ya koya mini a hankali, yana taunar goronsa. Mutumin Azarori ne, ba ya son dogon zance. Ya nuna mini bambancin tuwon gida da na sayarwa: na gida malmalarsa ba ta zuwa daidai, akwai sawun hannun mai tuƙi, miyar wani lokaci ba ko mai, na sayarwa kuwa kai ɗaya yake kullum. Ya ce in dubi ƙafar mai kawowa, ƙurar da ke kai za ta gaya mini nisan da ta taka. Ya ce in lura da ranar da uwa ta daina zuwa aka fara aiko maƙwabciya, da ranar da ita ma maƙwabciyar ta daina. Sannan ya ba ni dokarsa, wadda na riƙe kamar karatun allo.

"Alƙali takarda yas sani. Gida su sunka san mutum. In ka ga ɗan kaso ba a kawo mishi kwano, to gidansu sun san abin da ba mu sani ba."

Kuma dokar ta yi ta gaskata kanta. Akwai wani mai sanyin murya, mai yawan jan carbi, ko sau ɗaya ba a taɓa kawo masa ko ruwa ba. Na yi ta jin tausayinsa. Ashe rumbun 'yan'uwansa na ciki ɗaya ya yi shekaru yana hudawa ta ƙasa, suna zargin juna, har zumunci ya watse. Da aka sake shi bai yi wata biyu ba ya dawo. Baba Arzika ya dube ni ya tofar da goro.

Da kwano muke zaɓen 'yan korbe, wato waɗanda ake fita da su aikin waje, share biro, ofis ke nan, faskare, ɗebo ruwa da bido, wato jarka. Mai kwano ba ya gudu, don ya san gobe uwarsa za ta zo ƙofa a tsare ta da tambaya. Marar kwano ba abin da ya ɗaure shi. Haka na yi ta aiki bayan Baba Arzika ya aje kaki ya koma gona, kuma ba a taɓa guje mini ba. Shi ya sa duk rejisar da aka kawo, wato shugaban gidan kaso, in yana son sanin halin mutum, ni yake kira.

Sai mummunar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke hatsi na fitar da kai, gonaki suka tsaya a tsaye suka bushe. Wanda bai yi aikin kaso ba bai san cewa fari yana cika gidan kaso kafin ya cika asibiti ba. Kullum jandarma na sauke mana mutane: wannan akuya, wannan dami biyu na hatsi, wannan ya sare gawo ya sayar da itace. Wasu an yanke musu, wasu suna jiran shari'ar da ba ranar zuwanta. Tabarmar da mutum ɗaya ke kwana a kai ta koma ta uku. Sarkin ɗaki, tsohon ɗan kason da ke raba wurin kwana, ya koma jera mutane a gefe guda, ba mai juyawa sai an ce a juya. Da safe in na buɗe ƙofar babban ɗaki sai in ja da baya tukuna, don zafin da ke fitowa kamar an buɗe tukunyar dambu, ga wari. Bango na zufa. Waɗanda ke can ƙurya, nesa da 'yar tagar, su ake fitowa da su a riƙe.

Cikin wannan hali aka kawo mana Nomau. Kamyo ne, babbar motar kaya, ya sauke su daga wani gidan kaso na kudu da ya fi namu cika, aka rage musu kaya aka ƙara mana. Dogo ne, baƙi, hannunsa duk kanta, bai wuce shekara talatin ba. Takardarsa ta ce lodin albasa yake yi a tasha, ya ɗauke buhu biyu ya sayar, aka ba shi shekara ɗaya da rabi. Da kamyon ya tsaya ya ga garin da aka kawo shi, na ga ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Na aje wannan a raina.

Na tambaye shi, "Ina mutanenka, a aika musu?"

"Ba ni da kowa, shef."

"Ko ɗaya?"

"Ko guda."

Aiki kam, ban taɓa ganin irinsa ba. Da ƙarancin hannu ya sa dole na fitar da shi korbe, na sa masa ido kamar kaza mai 'ya'ya. Itacen da mutum uku ke faskarawa shi kaɗai yake gamawa kafin azahar. In ya dawo ya zauna ya yi ta saƙar tabarma da kaba, saƙa mai kyau, mai layi baƙi biyu a baki. Ba faɗa, ba roƙo, ba ƙara. Amma abu biyu suka tsaya mini. Na ɗaya, lokacin kwano ba ya kusantar ƙofa. Kowa na turereniya ko zai hango nasa, ko ya samu lomar wani, shi sai ya koma bayan ɗaki ya ba ƙofa baya. Na biyu, ranar kasuwa ba ya fita korbe. Kowace ranar kasuwa ciwon ciki, washegari garau. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, akwai wanda mutumin nan ya cuta a ƙasar nan, yana tsoron su haɗu. Buhun albasa biyu abin da aka kama ne kawai.

A ɗakin nan kuma akwai Sallau. Shi ko kaza bai taɓa mari ba, balle mutum. Irin albasa na banza ya zuba cikin gwangwanaye masu kyau ya sayar wa masu lambu, suka yi reno, suka yi dashe, suka yi ta ban ruwa wata da watanni, albasa ta ƙi yin kai. Fari ne, mai tsabta, mai bakin zuma. "Shef, an tashi lahiya? Shef, yaya ƙafar?" Kwanonsa sau biyu yake zuwa a yini, shinkafa da miya ja, wani lokaci da kaza. Wata mata mai suna Rabi ke kawowa, ta ce ita ƙanwarsa ce. In na gama soka tsinke sai ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Shef, a taɓa mana albarka." Ni kuwa in taɓa.

Ku saurara nan, don nan ne nake tuhumar kaina. Na ga malmalar tuwon Rabi kai ɗaya take kullum. Na ga ƙafarta ba ƙura. Na ga ba ta taɓa tambayata ko ya yi barci, ko ya rame, ta dai aje ta karɓi kwanon jiya ta juya. Duk abin da Baba Arzika ya koya mini yana gabana. Ba wanda ya ba ni cin hanci, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Amma cinyar kaza na ci, kuma ba sau ɗaya ba.

Bazara na kamawa takarda ta zo daga sama. An ce a rage cunkoso: a kawo sunayen masu ƙaramin laifi, waɗanda ba su taɓa jikin kowa ba, sun ci fiye da rabin wa'adinsu, masu hali nagari, kuma masu inda za su koma. Ba kowa za a ɗauka ba, guraben kaɗan ne. Kafin rejisar ya gama karanta takardar labari ya gama ɗakuna. Gidan ya canza a yini ɗaya. Masu zagi suka koma masu sallama, wanda ban taɓa gani da buta ba ya shiga sahun gaba. Ni dai ina kallo, kowa ya gaishe ni sau biyu na san abin da yake nema.

Da la'asar ina gindin itacen bedi ina wanke tsinkena, sai ga Nomau ya zo ya durƙusa nesa kaɗan. Wata bakwai yana gidan, ranar ya fara neman wani abu a wurina.

"Shef, an ce za a sallami mutane."

"Haka anka ce."

"In an haɗa da zaman kudu na wuce rabi, shef. In an sake ni yanzu ina iske shuka. In ruwa ya hwaɗi ba ni nan, gonar ba mai iya ta."

Na aje tsinken. "Gonar wa?"

Ya kau da kai, na ƙara matsa masa.

"Kai da kac ce ba ka da kowa, ina kas samu gona? Wa ka jiranka can? Wane gari?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafa cikin ƙasa. Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi. Daga ƙarshe ya ce, "A yi haƙuri, shef," ya tashi. Ni kuwa har daɗi na ji, irin daɗin maharbi da ya ga sawu. Na kama shi da ƙarya, dokar Baba Arzika ta sake fitowa.

Washegari rejisar ya kira ni biro. Yaro ne mai ilimi, bai daɗe da zuwa ba, kuma yana son ya yi daidai. Yana kiran suna ina ba da amsa, yana sa alama. Muka cike gurabe saura ɗaya, sunaye biyu a gabansa.

"Sallau hwa?"

"Shina da mutane. Kwanonshi bai taɓa hwashi ba."

"Nomau? An ce ma'aikaci na."

"Ma'aikaci na, amma ba shi da kwano. Kuma maƙaryaci na."

Ya ja layi a kan sunan. Abin bai kai minti ɗaya ba. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, to ranar ni ne bafaden.

Aka saki waɗanda aka saka, Sallau ya fita da farar rigarsa yana ɗaga mini hannu. Rabi ba ta zo tarbarsa ba. Bayan kwana biyu na gan ta a tasha gaban tukwanenta tana zuba wa direbobi shinkafa, na ce ina yayanta, ta ce wane yaya. Wurin da suka bari kuwa kafin sati biyu an cike shi har da ƙari.

Zafin shekarar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Sai ciwo ya shiga babban ɗaki, zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Sarkin ɗaki yana ba masu kwano wurin taga, don suna da abin ba shi, marasa kwano su ke ƙurya. Nomau yana ƙurya. Wata safiya na buɗe ƙofa aka fito da shi a tabarmar da ya saƙa da hannunsa. Ni na raka shi gidan likita, ni na sa masa ankwa a ƙafa na haɗa da ƙarfen gado, don haka doka ta ce, ko da mutum ba ya iya ɗaga kai. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Kwana uku muka yi. Rana ta uku da hantsi hankalinsa ya dawo, ya kira ni da ido, na matsa.

Ya faɗa mini sunan ƙauyensu. Na san shi, yana cikin duwatsu, tafiyar rabin yini ce a jaki daga inda muke.

"Inna na can," ya ce. "Cin rani nit tahi. Da anka kama ni na roƙi wani direba shi ce mata na wuce Abijan. Tana zakkuwa kasuwa nan da tabarmi. Shef, don Allah, kak ka ce kaso. Ka ce bisa hanya."

Kafin azahar ya cika. Na kwance ankwar da hannuna, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ni ɗan Adar ne. Na san namijin ƙasarmu yana shekara biyu a Abijan ba labari, ba wanda zai ce kome. Na san irin mutanen da gara a ce musu ɗansu ya mutu da a ce yana kaso. Dokar Baba Arzika ta gaya mini abin da gida suka sani, ba ta gaya mini abin da zan yi in gida ba su sani ba, ni kuma ban tambaya ba.

To, kun ce in faɗi nawa, a saki ko kar a saki. Sallau yana cikin waɗanda ba su taɓa jikin kowa ba. Damina na wucewa na ji an gan shi wajen Sabon Gida da sababbin gwangwanaye. Mai lambun da ya rasa shekara guda saboda shi, je ku gaya masa ba a yi masa rauni ba. Duk da haka ni cewa nake a saki, don na buɗe ƙofar nan da safe, kuma ba alƙalin da ya yanke wa ɓarawon akuya hukuncin mutuwa. Abin da ba ku tambaya shi ne wa zai zaɓa. Takarda daga sama take zuwa, amma wanda ke raɗa wa mai alƙalami a kunne yana nan ƙasa, yana da ciki, yana da dokar da ya gada. In an ce muku an saki mutum kaza, ku tambayi wa aka tsallake, kuma abincin wa mai ƙofa ya ci.

Ruwan farko ya sauka kwana tara bayan mun binne shi. Na ɗauki hutun yini, na cire kaki na sa riga da hula, na naɗe tabarmarsa da carbinsa, na hau motar ƙauye. Na sauka wurin mai gari, aka kira liman, na ce ni abokin tafiyarsa ne, zazzaɓi ya kama shi bisa hanyar dawowa, an yi masa sutura yadda ya kamata. Suka shiga suka faɗa. Na ji kukan mata ya tashi ya kwanta. A bayan gidan akwai gona mai faɗi, an shuka wajen kashi ɗaya cikin huɗu, layukan a karkace, sauran tana nan ba a taɓa ba.

Can aka ce tsohuwar tana son ganin baƙo. Na shiga. Ƙaramar mace ce, busasshiya, tana zaune a kan tabarma mai layi baƙi biyu a baki. Ba ta kuka. Ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "shi". Ta yi mini sannu da hanya, ta sa aka kawo mini tuwon hatsi a wani kwanon sha mai murfi, tsoho amma a wanke tas.

"Nashi na," ta ce. "Ci, ɗana, ka sha tahiya."

Na buɗe. Ban san lokacin da hannuna ya zaro tsinke daga jikin zana ba. Tsakiya, dama, hagu. Da na ɗago kai tana kallon hannuna.

"Kai gardi na," ta ce.

Na saki tsinken, ta ci gaba.

"Wuri guda nis san ana yi ma tuwo haka. Duk ran kasuwa nan nika aje kayana, gindin katangarku, in huta kahin a kore ni. Ina kallon mata da kwanoni, ana soka musu ƙarhe. Sai in ce Allah na gode maka, nawa shina Abijan."

Sai a lokacin na gane fuskar. Na kore ta ya fi sau biyar.

"Wata nawa shina ciki?"

"Nan wurinmu wata tara, Inna."

"Mi yay yi?"

"Albasa. Buhu biyu."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na jira ta zage ni, ko ta zage shi, da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba.

"Wa ka kai mishi abinci?"

"Ba kowa."

Nan ta rufe fuska da gefen zane, ta daɗe. Na so in gaya mata maganar takarda da layin da aka ja, bakina ya ƙi. Har yau ban san ko don ita na yi shiru ba ko don kaina, amma na fi zargin don kaina ne.

Da na tashi tafiya ta sa aka ƙara tuwo a kwanon, ta rufe, ta ɗaure shi cikin ƙyalle da hannunta, irin ɗaurin da na kwance dubbai.

"Ba ka ci ba," ta ce. "Tahi da shi. Ka ba wanda yag gaji wurin kwananshi."

Na iso gari da la'asar, ban biya gida ba. A ƙofa na tarar da Idi, gardin da ni na koya wa aiki, yana zaune a wurina da tsinkena a hannu. Ya ga ni ne, amma doka doka ce, ni na koya masa kada ya ɗaga wa kowa. Ya kwance ƙyallen, ya buɗe, ya ce in ɗanɗana, na ɗanɗana. Ya soka sau uku. Ya duba malmalar ya ce wannan tuwon gida ne, kuma daga nesa.

"Na wa na, shef?"

"Na Nomau."

Ya dube ni kamar rana ta taɓa ni. "Shef, Nomau da ya rasu? Ai shi ba shi da kwano."

Na ce, "Shina da shi. Ga shi nan hannunka."